Cikina ya shiga wata takwas, maigida ya ƙi kwashe tarkacensa daga ɗakin jariri

Assalamu alaikum Anti, sannu da aiki. Na daɗe ina karanta shafin nan, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan kawo kukana ba. Don Allah a sakaya sunana.

Anti, cikina yau sati 34 ke nan, kuma har yanzu da nake rubuto miki ko tsinke bai ɗauke daga ɗakin nan ba. Tun cikin yana wata uku maigidana ya ce da bakinsa ƙaramin ɗakin na jariri ne. Ban roƙe shi ba, shi ya faɗa, har na kira ƙanwata ina ba ta labari don murna. Yau wata biyar da maganar, idan za ki buɗe ƙofar ɗakin sai kin sa kafaɗa kin tura. Tsohuwar talabijin ɗin da ta mutu tun kafin aurenmu tana nan. Kwalayen takardunsa na makaranta suna nan. Ga wayoyin wuta a cukurkuɗe, ga injin motsa jiki da ya hau sau biyu ya koma wurin rataye riguna, ga tayoyi biyu na motar da ya sayar bara. Tayar motar da ba ta gidan fa, Anti!

Kullum amsarsa ɗaya ce, wai Asabar mai zuwa. Asabar ta zo abokinsa ya kira shi, ko ya ce ya gaji, ko ya ce bayansa. Ranar da na matsa masa ya shiga, kwali ɗaya ya buɗe, ya zauna a ƙasa yana karanta tsofaffin takardu yana dariya shi kaɗai, bayan awa biyu ya fito ya ce ai an fara. Me aka fara? Ni ban ga abin da aka fara ba.

Gadon jaririn yana nan a falo cikin kwalinsa, duk wanda ya shigo sai ya yi tuntuɓe da shi. Kayan da na wanke na goge suna cikin jaka a ƙarƙashin gadonmu. Fenti da kuɗina na saya, labule ma haka, ban nemi ko sisinsa ba. Abin da na nema kawai ya kwashe shirginsa. Shi ke nan fa. Wannan ma har sai an yi roƙo?

Abin da ya fi ƙona min rai, yayarsa ta zo rannan, ta leƙa ɗakin ta ce wai su da aka haife su ba a yi musu ɗaki ba ga su nan da ransu, kuma wai ƙarfen nasara ne ke cika mana kai da iyayi. Shi kuwa sai ya bushe da dariya. A gabanta zai yi min dariya? Na shanye ban ce komai ba, don idan na yi magana a ce ba ni da kunya.

Da na ga babu sarki sai Allah, na fara jan kwalayen da kaina idan ya fita aiki. Satin da ya wuce ko awo ban samu zuwa ba saboda aikin. Ga kaina kwana uku ke nan yana sara min, fuskata ta kumbura, zobena sai da sabulu na cire shi, idan na sunkuya na ɗago sai in riƙa ganin wasu taurari-taurari. Duk gajiyar aikinsa ce da nake yi masa. Da ya dawo ya ga na fitar da kwali huɗu, maimakon ya ce sannu sai ya hau faɗa wai na hargitsa masa takardu, ya mayar da biyu ciki. Ya mayar da su, Anti!

Ni ba ɗakin ne ma ya dame ni ba, alkawarin ne. Mutumin da ya kasa ɗauke taya saboda ɗansa, me zai iya yi idan ɗan ya zo? Ina kwana ina wannan tunanin. Shi ya ce ɗakin na jariri ne, ba ni na ce ba. Ƙanwata ta ce in kira 'yan gwangwan ranar da ba ya nan su kwashe komai, idan ya dawo ya yi abin da zai yi. Wallahi zuciyata ta fara karkata can. In kira su, ko in ci gaba da jiran Asabar ɗin da ba ta zuwa?

Daga mai tsohon ciki

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Ranar da wasiƙarki ta iso na aika miki da gajeren saƙo, ina fata kin gani kuma kin yi abin da na ce. Zan maimaita shi a nan saboda sauran masu karatu: ki ajiye kwalin nan, ki tafi asibiti yau, ba gobe ba, ba ranar awonki ba.

Kin cika min shafi da labarin taya da talabijin, sai kika jefa maganar da ta fi komai nauyi a layi biyu kamar kina ba da labarin maƙwabciya. Ciwon kai kwana uku, kumburin fuska da hannu har zobe ya ƙi fita, da ganin taurari a ido, ga mace mai ciki sati 34, kika ce gajiya ce. Wa ya gaya miki? Waɗannan su ne alamomin da ake jan kunnen masu ciki a kansu, domin suna iya zama hawan jinin ciki, wanda yakan taso bayan sati 20, kuma idan aka bar shi yana kai mace ga jijjiga, ya taɓa ƙoda da hanta, ya rage abin da ke isa ga jariri ta mabiyiya. Ni ba likita ba ce, kuma ban ce shi ne ba. Amma ba a gane shi da ido. Sai an ɗaura miki abin awon jini a hannu, an duba fitsarinki. Idan awon ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, ba maganar wasa ba ce. Idan kuma kika ji ciwo a ƙasan haƙarƙari, ko amai, ko motsin jariri ya ragu, ko tsakar dare ne a fita da ke.

Awon da kika tsallake kuma, ba ki san abin da kika tsallake ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga shawararta daga zuwa awo sau 4 zuwa sau 8, kuma ki lura da yadda aka jera na ƙarshen: sati 30, 34, 36, 38, 40. An matse su kusa da juna ne saboda a wannan lokacin irin wannan matsala ta fi kunno kai. Ke kuma daidai nan kika zaɓi jan kwali.

To, mu dawo kan ɗakin. Ba na yanke hukunci sai na ji ta bakin kowa, kuma ban ji ta bakin mijinki ba. Wataƙila yana da uzurinsa. Akwai mazan da tsoron zama uba ke sa su maƙale wa tsofaffin kayansu, su kansu ba su san dalili ba. Amma na juya maganar ta kowace fuska, ban ga uzurin da zai sa namiji ya dawo gida ya tarar matarsa mai wata takwas ta ja kwali huɗu, ya dubi takardunsa bai dubi fuskarta ba. Fuskar da kika ce ta kumbura. Gida ɗaya kuke kwana, ya ga an taɓa masa kwali, bai ga zoben matarsa ya bar hannunta ba. Wannan ya fi min ciwo a kan alkawarin da ya saɓa, ya kuma fi dariyar da ya yi gaban yayarsa.

Yayar tasa kuwa, bakinta bai iya magana ba, amma rabin abin da ta faɗa gaskiya ne, ki yi haƙuri. Jaririnki ba ya bukatar ɗakin nan yanzu. Likitocin yara suna ba da shawarar jariri ya kwana ɗaki ɗaya da iyayensa, amma a nasa gadon, aƙalla watanni 6 na farko. Ke da kanki za ki gode, domin sabon haihuwa yana shan nono sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, dare da rana. Wace uwa ce za ta yi ta sintiri tsakanin ɗaki biyu da ƙarfe uku na dare? Abin da ake bukata ɗan wuri ne kusa da gadonku: katifa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, zanen da ya kama ta tsam, babu filo, babu bargo mai nauyi, babu 'yar tsana, a kwantar da shi a rigingine. Kada ki raina wannan na ƙarshe. A Amurka, bayan an fara gangamin kwantar da jarirai a bayansu a 1994, mutuwar fuju'ar da ke ɗauke su cikin barci ta ragu da fiye da rabi. Kuma kada a sha taba a inda yake. Fentin da kika saya ki bar shi a rufe, warinsa ba naki ba ne yanzu, ba na jariri ba ne.

Saboda haka aikin da ke gabanku ƙarami ne, na yamma ɗaya. A fito da gadon nan daga kwali a haɗa shi a ɗakinku. A shirya jakar asibiti a ajiye bakin ƙofa da katin awo a ciki. A san motar da za ta kai ki idan naƙuda ta tashi cikin dare, da wanda za a kira idan shi ba ya nan. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kada ku dogara da ranar da aka rubuta muku a kati, kusan jariri ɗaya cikin 20 ne kawai ke zuwa a ranar. Daga sati 37 ciki ya isa haihuwa. Ki lissafa, sati uku ya rage muku.

Ku kuma maza masu karanta shafin nan a ɓoye, na san kuna nan da yawa. Idan mace mai tsohon ciki ta dame ku da maganar labule da fenti da inda za a ajiye gado, ba labulen take nufi ba. Tambayarku take yi ko kun san wani abu babba na tafe, ko ita kaɗai ce ta sani. Wata tara tana ɗauke da shi a jikinta, ku kuwa ba abin da ya canja muku, ko wandonku bai matse ku ba. Duk Asabar ɗin da kuka ɗaga, amsa kuka ba ta, kuma ta ji. Ku raka ta awo ko sau ɗaya ne, ku ji abin da ungozoma ke faɗa da kunnenku, ku san alamomin da na lissafa a sama, domin ranar da jijjiga ta kama mace ba ita ce za ta kira mota ba.

'Yan gwangwan kuma kada ki kira su. Ƙanwarki tana sonki, amma ba ita za ta kwana a gidan ba ranar da ya dawo ya tarar takardun makarantarsa sun tafi, kuma tashin hankali shi ne abu na ƙarshe da jininki ke bukata. Ki ba shi wannan shafin ya karanta a mota kuna hanyar asibiti. Idan kun dawo ya haɗa gadon da hannunsa kina zaune ƙafafunki a kan filo. Ɗakin kuma ki ja ƙofarsa ki rufe, yana da wata shida ya yi sallama da tayoyinsa. Ki rubuto min abin da awon ya nuna, ina jira.

Anti