Zuwa ga ɗana, a kan al'adar zaɓen mahaɗin akwatin sauti

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na karanta saƙonka inda kake tambaya ko gaskiya ne abin da magabatanka a wannan sana'a suke faɗa, cewa mai son ɗaukar waƙa da kwamfuta kamar ƙwararre ba ya sayen akwatin sauti (na'urar da ke shigar da sautin makirfo cikin kwamfuta) mai USB, sai mai FireWire (wani nau'in mahaɗi daban da USB) ko kati na cikin kwamfuta, da kuma ko ya wajaba ka bi wannan al'ada yanzu da kake shirin kafa ɗan situdiyonka.

Ɗana, maganar tasu tana da tushe, amma tushen na wani zamani ne. USB 1.1, wanda ya fito a 1998, megabit 12 (ma'aunin yawan bayanai) kawai yake ɗauka a sakan ɗaya, alhali FireWire, wanda kamfanin Apple ya jagoranci ƙirƙirarsa kuma aka tsayar da ƙa'idarsa a 1995, yana kaiwa 400. Wanda ya so ɗaukar kalangu da kuntigi da 'yan amshi a lokaci guda a wancan zamani ba shi da zaɓi, domin USB yakan sarƙe, sauti ya riƙa tsinkewa a tsakiyar baiti. Ko FireWire ɗin ma ba kowanne ke aiki lami lafiya ba, har ya zama ana fara duba ko katin yana ɗauke da guntun lantarki na Texas Instruments kafin a biya kuɗi. Daga nan al'adar ta samo asali, kuma waɗanda suka sha wuya a lokacin ba su manta ba.

Sai dai USB 2.0 ya zo a 2000 da megabit 480, kuma lissafin yana da sauƙi. Murya ɗaya da aka ɗauka a bit 24 da kilohaz 48, wato ma'aunan ingancin ɗaukar sauti, ba ta cin fiye da megabit 1.2 a sakan, saboda haka makirfo goma sha shida ma ba za su cinye kashi ɗaya cikin goma na hanyar ba. Shi ya sa akwatuna da yawa na yau, irin su Focusrite Scarlett, ko da raminsu na USB-C ne, da ƙa'idar USB 2.0 suke aiki. FireWire kuwa an daina sanya shi a sababbin kwamfutoci, kuma ban ga dalilin da zai sa ka sayi tsohon akwati don arha, sannan ka shiga neman adafta a kan adafta da direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aiki da akwatin, wanda mai yiwuwa an daina sabunta shi ba.

Abin da ya kamata ya dame ka shi ne jinkiri, wato tazarar da ke tsakanin furucin mawaƙi da dawowar muryarsa cikin belun kunne. Idan tazarar ta yi yawa, za ka gan shi ya zare belun daga kunne ɗaya yana yatsina fuska, waƙa kuma ta fita daga kiɗa. Yawan megabit ɗin mahaɗi ba shi ne maganin wannan ba, domin faɗin titi ba ya ƙara wa mota gudu. Ingancin direban akwatin da girman ma'ajin da ka saita a manhaja, wato inda sauti ke ɗan taruwa kafin a sarrafa shi, su ne suka fi yanke hukunci: ma'aji mai ɗaukar gutsuren sauti 128 a kilohaz 48 yana jawo jinkirin kusan kashi 2.7 cikin dubu na sakan a kowane ɓangare, shiga da fita. A Windows ka tabbata kamfanin da ya ƙera akwatin yana da nasa direban ASIO, tsarin da kamfanin Steinberg ya fito da shi, a Mac kuwa Core Audio, tsarin sauti na cikin kwamfutar, yana ɗauke da yawancin nauyin. Ka kuma nemi akwati mai maɓallin da ke mayar wa mawaƙi muryarsa kai tsaye ba tare da ta ratsa kwamfuta ba.

Thunderbolt, wani mahaɗi wanda Intel da Apple suka fitar a 2011, yana da kyau ƙwarai kuma jinkirinsa yakan yi ƙasa, amma yana da tsada, kuma ba kowane ramin USB-C ne yake ɗauke da shi ba, sai ka ga alamar walƙiya a gefensa ko ka duba takardar kwamfutar.

A yanayinmu akwai wani dalili da ke ƙara rinjayar da ni zuwa USB. Ƙaramin akwati mai shan wuta daga laftof yana ci gaba da aiki idan an ɗauke wuta, har da bolt 48 ɗin da makirfon situdiyo yake buƙata. Ka jona shi kai tsaye a jikin laftof, kada ka bi ta mahaɗin da ke raba rami ɗaya gida huɗu, kuma idan ka ji ƙugi lokacin da janareta ke aiki, ka zare cajar ka ɗauki muryar da batir. Ka rubuto mini sunan laftof ɗinka da yawan makirfon da kake son jonawa a lokaci guda kafin ka fitar da kuɗi. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.

Kawunka.