Amsa kan shugabantar ma'aikata mabambanta a asibiti

Malama, kin tambayi abin da ya fi wahala wajen shugabantar ma'aikatan da suka bambanta a harshe, addini da fannin aiki, tun da an ba ki riƙon ɗakin kwanciyar mata.

A ganina, daga jadawalin aiki ɓaraka take farawa. Da azumi Musulmi suna son shan ruwa a gida, a Disamba kuma Kiristoci suna son tafiya garuruwansu, kuma duk wanda aka hana yakan ɗauka saboda addininsa ne. Ki fitar da jadawalin Sallah da na Kirsimeti tare, ki manna a allo, domin kowa ya ga wanda ya tsaya masa.

Matsalar harshe ta fi wannan haɗari, kuma ita ce ta fi damuna. Na ga wata ƙwararriyar nas daga kudu tana tambayar wata tsohuwa inda ke mata ciwo, tsohuwar tana dafe da ƙirji tana cewa zuciyarta ce, alhali ƙwannafi take nufi; da mai shara ba ta fassara ba, da an bi wata hanya dabam. Kada ki yarda aikin dare ya kasance babu mai jin Hausa sosai.

Akwai kuma tsamin dangantaka tsakanin likitoci da sauran ma'aikata, wanda ya fito fili a yajin aikin da JOHESU, haɗaɗɗiyar ƙungiyar ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba, ta yi a 2018 kan albashi. Wannan ya fi ƙarfinki, amma kina iya hana gori lokacin zagayen duba marasa lafiya.