Tambaya da Amsa: Na Leƙa Gansakuka a Maikiroskof, Duhu Kawai Na Gani

Tambaya: Malam, ina aji ɗaya a babbar sakandare a Zariya. Malaminmu na bayoloji ya ce mu kawo gansakuka mu duba a maikiroskof. Na ɗebo a kududdufin bayan gidanmu, na ɗora a gilashi, amma ban ga komai ba sai wani curi mai duhu da wasu baƙaƙen zobba. Idona ne ko na'urar ce? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yata, idonki lafiya lau, na'urar ma ba na zarginta. Kin dai cika hannu. Haske ne ke ratso abin da kika ɗora daga ƙasa kafin ya iso idonki, to idan kin labta curi guda, ta ina zai bi?

Ki ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a kan gilashin. Ki sa allura ki tsamo sili biyu ko uku, ki warware su a cikin ɗigon. Murfin gilashin kuma kada ki sake shi daga sama. Jingina gefensa ɗaya da ruwan, ki kwantar da shi sannu a hankali. Waɗannan baƙaƙen zobban da kika gani kumfar iska ce da ta maƙale a ƙarƙashinsa. Duk shekara sai na ga ɗalibi ya zana su da kyau, har ya raɗa musu suna.

Ki fara da ƙaramin idon na'urar, wato gilashin da ke ƙara girman abu. Na sama yana ninka girma sau 10, na ƙasa sau 4 ko 10, kin ga sau 40 ko 100 ke nan. Sai kin kama abin sarai sannan ki juya zuwa babban idon, mai kai girman sau 400. Idan na'urarku mai madubi ce, ki fuskantar da shi taga, ban da ƙwayar rana, tana lahanta ido. Kada kuma ki ruɗe idan kin tura gilashin dama abin da kike gani ya tafi hagu, haka take nunawa.

Idan gansakukar mai santsi ce a hannu, mai dogayen silalla, mai yiwuwa Spirogyra ce. Za ki ga ƙwayoyin halitta a jere, kai da kai, babu reshe, a cikin kowacce kuma ga wani koren ƙyalle a murɗe kamar zaren da aka naɗa a kara. Nan take haɗa abincinta da hasken rana. Ɗan ɗiga aidin a gefen murfin, ki janyo shi da takarda ta ɗaya gefen: wasu ɗigo-ɗigo a jikin ƙyallen za su yi baƙi-baƙi, wurin ajiyar sitaci ke nan. Wannan murɗin ne wani mai sayar da yadi a Holan, Antoni van Leeuwenhoek, ya bayyana a 1674 bayan ya leƙa ruwan wani tafki da gilashin da ya goge da hannunsa.

Batun kududdufi kuwa, kada ki shiga da ƙafa. Ruwan da ke kwance yana iya ɗauke da tsargiya. Ki janyo da sanda, ki zuba a kwalba da ruwan wurin, ki bar bakinta a buɗe kusa da taga, ki wanke hannu da sabulu. In kin toshe ta kin jefa a jaka ta kwana biyu, wari za ki kai aji.