Bin Sawun Gonakin Kakanni Don Gano Asalin Iyali a Sikotilan

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Kanada, matata kuma jikar mutanen Sikotilan ce da suka yi ƙaura zuwa nan a ƙarni na 19. A tsofaffin takardun gidansu mun ga sunayen gonaki uku: Newton, Milton, da Mains of wani wuri da rubutunsa ya dushe. Danginta na cewa su mutanen tsaunukan arewa ne saboda sunan zuriyarsu. Yaranmu sun fara tambayar asalin kakanninsu na wajen uwa. Yaya zan sa gonakin nan a taswira har in gane yankin da suka fito?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da ajiye sunan zuriyar a gefe. A yankin tsaunuka talakawa da yawa sun ɗauki sunan mai ƙasar da suke zaune a kanta ba tare da sun haɗa jini da shi ba. Wasu ma dole ce ta sa suka sauya: an haramta sunan MacGregor a 1603, ba a janye haramcin baki ɗaya ba sai 1774, masu sunan suka koma amsa Murray, Drummond ko Campbell. Gona ta fi suna ƙarfin shaida, amma gona ɗaya ba ta isa ba. Abin da zai nuna maka asali shi ne tarin gonaki, kowace da shekararta da matsayin wanda ya zauna a cikinta.

Sunayen da ke hannunka su ne matsalar farko. Newton da Milton sun cika ƙasar, kamar a ce maka mutum ɗan Sabon Gari ne ko Tudun Wada ba a faɗi jiha ba. Mains kuwa gonar da ke jikin babban gidan mai ƙasa ce, kusan kowane babban gida yana da tasa. Saboda haka kada ka ɗiga alama a taswira sai ka san gundumar cocin da gonar take. Gundumomin nan sun haura 900, kuma da su aka tsara kusan duk tsofaffin rajistoci.

Daga baya-bayan nan ake farawa a koma can baya. Ka tattara abin da ke Kanada tukuna: takardar mutuwa, rubutun kan kabari, sanarwar rasuwa a jarida, domin a nan ake yawan ambaton gundumar haihuwa. Daga nan ka shiga ScotlandsPeople, shafin hukumar adana takardun ƙasar. Binciken jerin sunaye kyauta ne, ganin hoton takarda ne ake biya. Rajistar gwamnati ta haihuwa, aure da mutuwa ta fara ranar 1 ga Janairu 1855, kuma takardar mutuwa tana ɗauke da sunan uba da na uwa har da sunan gidan su uwar. Idan kakannin sun tashi kafin 1855, nemi ɗan'uwa ko 'yar'uwar da aka bari a gida ta rasu bayan shekarar. Takardarta za ta ba ka iyayen. Ƙidayar 1851 tana faɗin gundumar da aka haifi kowa, ga manomi kuma har yawan ekarsa da ma'aikatansa. Ta 1841 ba ta kai ta ba: iyakarta ta ce an haifi mutum a lardin ko ba a nan ba, shekarun manya kuma an rage su zuwa biyar-biyar, ɗan 34 ya zama ɗan 30.

Kafin taswira, yi jadawali. Kowane layi abu ɗaya: kwanan wata, sunan mutum, abin da ya faru, sunan gona daidai yadda aka rubuta shi ko da kuskure, gunduma, lardi, matsayinsa, takardar da ka samo, sai gurbin da za ka rubuta ko ka tabbata ko zato kake. Ka sa shaidun baftisma da gonakinsu, domin galibi kawunnai ne da maƙwabta. Ka sa gonakin da aka auro matan.

Gurbin matsayi shi ne wanda masu farawa ke rainawa, shi ne kuma ke ɓatar da su. A tsofaffin takardun Sikotilan, ƙaramar kalmar da ke tsakanin sunan mutum da na gona tana faɗin matsayinsa. Idan an rubuta "of", shi ne mai ƙasar. Idan "in" ne, ɗan haya ne. "At" kuwa yawanci mazaunin wurin ne kawai, kamar malamin makaranta ko limamin coci. Masu mallakar ƙasa 'yan tsiraru ne, don haka rajistar mallaka da aka fara a 1617 ba za ta amfani yawancin iyalai ba. Ɗan haya yakan samu yarjejeniyar shekara 19, wani lokaci ɗa ya gaji uba, alamarsa a taswira tana da nauyi. Baran gona daban ne. A kasuwa ake ɗaukarsa, marar aure na wata shida, mai iyali yawanci na shekara, ana sauya ubangida a watan Mayu ko Nuwamba. Irin wannan mutum zai iya haifar 'ya'ya shida a gonaki biyar. Alamominsa suna nuna kewayen da yake neman aiki ne, ba lallai mahaifarsa ba. Wanda ya ba wa gonar da bara ya yi wata shida nauyi ɗaya da wadda aka yi shekara 40 ana haya, taswirarsa za ta yi kyau a ido amma ƙarya za ta faɗa masa.

Wajen gano inda gona take, shafin taswirori na Babban Ɗakin Karatu na Ƙasar Sikotilan kyauta ne, kuma yana ɗora tsohuwar taswira a kan hoton tauraron ɗan'adam, ka riƙa dushe ɗaya kana ganin ɗayar. Fara da bugun farko na taswirar Ordnance Survey, hukumar awon ƙasa ta Birtaniya, mai inci shida a kowane mil, wanda aka auna tsakanin 1843 da 1882. Kusan kowace gona tana ciki da sunanta. Masu awon sun kuma bar littattafan da suka rubuta kowane suna, da yadda mutanen wurin ke rubuta shi, sau da yawa har da mai gonar da ɗan hayarta. Idan kana neman abin da ya gabaci haka, akwai taswirar soja ta William Roy, daga 1747 zuwa 1755. Ba ta haɗa da tsibirai ba, masu awon kuma da kunne suka rubuta sunayen Gelik, harshen mutanen tsaunuka, don haka ka riƙa furta sunan da baki kana kwatantawa. Mafi tsufa su ne zanen Timothy Pont na ƙarshen ƙarni na 16, waɗanda mai buga taswira Blaeu ya buga a 1654. Suna nuna cewa wuri ya wanzu, amma ba a dogara da su wajen nisa.

Ga inda ake tuntuɓe. Kafin sauyin noma na tsakanin kusan 1760 da 1830, abin da ake kira gona ƙaramin ƙauye ne na iyalai da yawa masu noma tare. Da aka haɗe filayen aka ba mutum ɗaya, sai aka gina sabon gidan dutse, wani lokaci nesa kaɗan da tsohon mazauni, sunan kuma ya bi sabon gini. Wani wurin an raba shi ne: Easter da Wester na gabas da yamma, Nether da Over na gangare da tudu. Idan takardar 1780 ba ta bambance ba, ɗiga alamarka a tsakiya ka rubuta cewa zato ne. A arewa kuwa, inda aka tashi mutane don kiwon tumaki, kamar Strathnaver a 1814 da 1819, ƙauyuka da yawa kufai ne yanzu, sai a tsohuwar taswira za ka same su. Iyakoki ma sun motsa: an gyara na gundumomi da larduna a 1891, gona na iya sauya gunduma tana nan inda take. Forfarshire ita ce Angus, Elginshire ita ce Moray, Haddingtonshire ita ce East Lothian.

Kowace gonar da ka gano, rubuta lambar wurinta ta tsarin awon Birtaniya, haruffa biyu da lambobi shida, wadda ke kai ka cikin mita 100. Shafin taswirorin ɗakin karatun yana nuna ta tare da lambobin da Google My Maps ke karɓa, My Maps ɗin kuma ya ishe ka wannan aiki; manhajar taswira ta QGIS sai mai son ya ɗora iyakokin gundumomi. Ka ba kowace tsara launinta, ka bambanta siffar alamar ɗan haya da ta bara. Sannan ka karanta taswirar ta bin koguna da kwaruruka, ba da miƙaƙƙen layi ba. Gonaki biyu da dutse ya raba na iya zama kusa a takarda alhali mutanensu ba sa cin kasuwa ɗaya. Inda tsofaffin launuka suka taru, musamman in gonakin matan da aka auro ma suna nan, can ne za ka zurfafa bincike.

Rajistar coci za ta yi shiru a wani wuri, kada ka ɗauka iyalin sun tashi. Daga 1783 zuwa 1794 an sa harajin kwabo uku a kan kowane rubutu, wasu suka daina kai suna. A 1843 cocin ƙasar ya rabe, waɗanda suka fice suka buɗe nasu littattafan, 'yan Katolika ma nasu daban ne. Gundumomi da dama na tsibirai ba su fara rajista ba sai ƙarni na 19. Ana cike giɓin da jerin harajin dawakin gona na 1797 zuwa 1798, wanda ke kawo sunan manomi da gonarsa, da harajin murhu da na kai na shekarun 1690, musamman na lardin Aberdeen na 1696 mai jera mutane gona-gona, da littattafan kimanta gidaje da gonaki daga 1855. Mafi daraja a ganinmu su ne littattafan haya na gidan mai ƙasa, domin su ne ke nuna shekarar da uba ya sauka ɗa ya hau.

Ba za mu kira wuri asali ba sai an samu tsara biyu a jere, aƙalla, a gunduma ɗaya ko masu maƙwabtaka, kowace haɗa uba da ɗa kuma tana da takardu biyu da ba su dogara da juna ba. Al'adar sa suna tana taimakawa, ɗan fari sunan kakansa na wajen uba, 'yar fari sunan kakarta ta wajen uwa, amma ita ce kuma ke sa a samu 'ya'yan 'yan'uwa uku masu suna ɗaya a gunduma ɗaya.

Game da maganar tsaunuka: sunayen gonakinka uku ba na Gelik ba ne, sun fi yawa a kudu da gabas da arewa maso gabas, duk da cewa ana samun su a bakin tsaunukan. Wannan bai ƙaryata dangin matarka ba, bai kuma gaskata su ba. Ka koma kan takardar da ta dushe, ka ɗauki hotonta da hasken da ke zuwa daga gefe, ko haruffa biyu na farko da tsawon kalmar ka samu sun rage maka aiki. Daga nan ka nemi gundumar da ke da Mains mai irin waɗannan haruffa, da Newton da Milton duk cikin tafiyar ƙafa, ka buɗe ƙidayarta ta 1841 da 1851 ka duba ko sunan zuriyar yana cikin gonakin.