Kaki Ba Ya Hana Sammaci: Amsa Ga Yayan Sojan Da Ke Bakin Daga

Assalamu alaikum. Malam, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai da na dawo daga gona na huta tukuna, don ba magana ce ta layi biyu ba. Ka ce ƙaninka soja ne, wata goma sha huɗu ke nan yana Borno, banki na yankar albashinsa kan bashin da ya ci, ga kuma sammaci an kawo gida daga kotun shari'a, wani maƙwabci na cewa gonar da yaron ya gada ta ci iyakarsa. Kana tambaya ko gaskiya ne abin da ka ji, wai sojan da ke bakin daga ba a kai shi kotu, ba a kuma matsa masa kan bashi.

Ni na yi aikin nan har na cika shekara 35 na ajiye kaki na dawo ƙauyenmu a ƙasar Gumel, kuma fiye da rabin shekarun a ofishin akawu na yi su, inda takardun sojoji ke bi ta hannuna. Abin da na gani da idona zan faɗa maka.

Maganar da ka ji gaskiya ce, amma gaskiyar Amurka ce. Can suna da doka tun 1940, suka sabunta ta a 2003. A ƙarƙashinta, bashin da mutum ya ci kafin ya shiga aikin soja, kuɗin ruwansa ba zai wuce kashi 6 cikin ɗari a shekara ba muddin yana bakin aiki. In an yi ƙararsa a kan abin da ba laifi ba, irin su bashi ko fili, aiki kuma ya hana shi zuwa, yana iya neman a ɗage zaman aƙalla kwana 90, kuma alƙali ba zai yanke hukunci a bayan idonsa ba sai an naɗa masa lauya. In an yi masa canjin wurin aiki yana iya ajiye gidan haya ba tare da an ci shi tara ba. A 2006 suka ƙara wata dokar da ta hana masu ba da rance ɗora wa soja abin da ya haura kashi 36. To wannan tasu ce. Mu nan ba mu da irinta. Sojan Najeriya, in dai maganar gona ce ko bashi ko aure, kotu ɗaya yake shiga da mai sayar da goro, kuma sammacinsa bai fi na kowa nauyi ba.

Saboda haka kada ka jefa takardar nan ƙarƙashin katifa ka ce ai soja ne. Ranar da aka sa, ka je. Amma kada ka je hannu rabbana. Ka samu yaron a waya, in sabis ya yi halinsa ka bar masa saƙon murya, ka ce ya je wurin akawun rundunarsa ko ajutan, wato hafsan da ke kula da takardun runduna, ya nemi wasiƙa da sa hannun kwamanda da hatimi, mai nuna cewa yana fagen daga, ba a sallame shi ba. Sannan shi da kansa ya rubuta takardar wakilci, ya ambaci sunanka, ya ambaci gonar da iyakokinta, mutum biyu su shaida. Ko hotonsu ya turo ta WhatsApp ka buga, na ainihin su biyo baya a hannun wanda ya samu fas, wato izinin zuwa gida. Ba doka ce ta tilasta wa alƙali ya ɗage ba, amma alƙalanmu mutane ne, sun san abin da ke faruwa a Arewa maso Gabas, kuma wakilci abu ne da shari'a ta sani tun fil azal.

Akwai kuma wani abu a fiƙihun Malikiyya da kotunanmu na Kano da Jigawa ke aiki da shi, wanda mutanen ƙauye da yawa ba su san yana kare irin ƙaninka ba. Shi ne hauzi. In bare ya riƙe gona shekara 10 yana noma, mai ita yana nan yana kallo bai ce uffan ba, to ƙararsa ta yi rauni. Tsakanin dangi kuwa sai an kai shekara 40. Amma wannan lissafin ba ya hawa kan wanda ba ya gari, haka nan ba ya hawa kan gonar da aka bayar aro ko jingina. Kenan rashin zaman soja a gida hujja ce a gare shi, in an iya tabbatar da ita. Abin da ke kashe mu shi ne rashin shaida. Ka nemo dattawan da suka ga rabon gadon, ka sanar da mai unguwa da dagaci, ku je ku duba alamomin iyaka, ko gamba ce, ko bini-da-zugu, ko wata tsohuwar aduwa, ka ɗauki hoto tun kafin garma ta bi ta kai.

Abu ɗaya nake roƙonka don Allah: kada ka zuga shi ya turo abokansa da kaki su tsorata maƙwabcin. Na ga yaron da ya zo fas, ya ɗauko abokai biyu, suka je suka mari wani dattijo a kan kunya uku ta gero. 'Ya'yan dattijon suka rubuta ƙorafi bariki. Yaron ya kwana gadirum, wato ɗakin tsare sojoji, igiyarsa ta muƙami ta tafi, gonar kuma kotu ta ba dattijon, don ranar da aka zauna babu mutum ɗaya a garin da ya yarda ya yi masa shaida.

Sai bashi. Dokar Sojoji ta ƙayyade abin da hukuma za ta iya yanka daga albashin soja, kwamanda ba zai tashi haka kawai ya ce a riƙe kuɗin wane ba. Amma abin da soja ya sa wa hannu da kansa a banki, wannan tsakaninsa ne da bankin. Kuma tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar bin lambar BVN su kwashi kuɗin wanda ya gaza biya daga duk wani asusu nasa a wani bankin, in ya sa hannu a kan hakan lokacin karɓar rancen. Dabarar da yara ke yi ta buɗe sabon asusu su gudu ta daina ci. Abin da za ka iya yi masa shi ne ka sa ya nemi sitatimen da takardar yarjejeniyar rancen, ku zauna da wanda ya iya lissafi ku ga ko abin da ake yanka ya yi daidai da abin da aka rubuta. Ku duba kuma ko an caje shi kuɗin inshora a cikin rancen, domin rancen albashi da yawa na ɗauke da ita, kuma amfaninta shi ne in mai bashi ya rasu a biya ragowar. Na ga matan da aka zo ana bin su bashin miji alhali an riga an yanki wannan kuɗin tun ranar farko, babu wanda ya gaya musu.

Wanda ya fi banki muni shi ne mai ba da rance na bayan kasuwar bariki, wanda ke karɓe katin ATM da lambar sirri. Albashi na shigowa shi zai fara cira, abin da ya ga dama ya miƙo. Ni ma na taɓa faɗawa hannun irinsu lokacin auren ƙanwata, wata bakwai ina cin garin kwaki da ƙuli, ban ƙara ba. In dole sai an ci bashi, ga ƙungiyar adashen gata ta cikin bariki, ga bankunan da ba sa ta'ammali da riba, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019.

Yanzu bari in zo kan abin da ba ka tambaya ba, wanda a wurina ya fi gonar da bashin girma. Ba fata nake yi ba, Allah Ya dawo da shi lafiya, amma wanda ke bakin daga dole a yi wannan maganar. Wa ya rubuta a fayil ɗinsa na aiki a matsayin NOK, wato "Next of Kin"? Mu da Hausa muna cewa "magaji", kuma daga wannan fassarar rikici ke farawa. NOK ba shi ne mai cin gado ba. Shi ne wanda hukuma za ta nema in wani abu ya faru, ta miƙa masa haƙƙoƙin. A wurin Musulmi amana ce a hannunsa, abin da ya zama gado sai an kai gaban malamai ko kotu an raba yadda Allah Ya ce, mata da 'ya'ya da iyaye kowa ya ɗauki nasa.

Yawancin yaranmu suna shiga Defo, makarantar horar da sababbin sojoji a Zariya, ba su yi aure ba, sai su rubuta uba ko wa. Shekara ta tafi, a ɗaura aure a ƙofar gida da goro da alawa, a haifi 'ya'ya uku, uban da aka rubuta ma ya rasu, fayil na nan yadda yake. A soja, aure da haihuwa da ba a shigar a odar runduna ba, wadda muke kira Fat Tu Oda, kamar ba a yi su ba ne. Ba zan manta wata yarinya daga wajen Haɗeja ba, ta zo ofishinmu da goyo, wani na riƙe da zaninta, mijinta ya kwanta dama a fagen daga. Muka buɗe fayil, ba sunanta, ba na yaran. Sunan wansa ne, shi kuwa ya riga ya zo ya fara cike takardu bai gaya wa kowa ba. Sai da Magajiyar bariki, shugabar matan sojoji, ta tsaya mata, aka nemo takardar shaidar aure daga kotu, da takardun haihuwa, da wasiƙar hakimi, aka fi shekara ana kai da kawowa. Aikin da mijin zai gama da rana ɗaya yana raye.

Kuma haƙƙoƙin ba kaɗan ba ne, ba kuma daga wuri ɗaya suke fitowa ba, shi ya sa iyali ke karɓar ɗaya su ɗauka shi ke nan. Akwai inshorar rai ta bai-ɗaya da gwamnati ke biya wa sojoji. Akwai NAWIS, wato inshorar jin daɗin sojan ƙasa, da asusun jin ƙai na sojan ƙasa, waɗanda daga albashinsa ake cirewa duk wata, kuɗinsa ne ba alfarma ba. Akwai haƙƙin mamaci daga Hukumar Fanshon Sojoji da ke Dutsen Alhaji a Abuja, ba Dutsenmu ta Jigawa ba, don na ga wanda ya yi wannan kuskuren ya ɓata kuɗin mota. An cire sojoji daga tsarin fansho na karo-karo tun 2011, saboda haka kada wani ya tura ku kamfanin fansho. Akwai kuma tallafin karatu ga 'ya'yan wanda ya rasu a bakin aiki. Jinkiri kam akwai shi, wani lokaci na shekaru, ba zan ɓoye maka ba. Amma wanda takardunsa suka cika jira kawai yake yi, wanda nasa ba su cika ba ko layi bai shiga ba.

Tun yana raye ma iyalinsa na da haƙƙin magani ta DHML, kamfanin da ke kula da inshorar lafiyar sojoji. Tsarin na ɗaukar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, amma sai an yi musu rajista. Matan sojoji nawa ne a ƙauyukanmu ke sayar da akuya su kai yaro asibiti alhali suna da wannan damar? Ka tambayi matarsa ko tana da kati.

Ita ma matar doka ba ta manta da ita ba. In soja ya yi watsi da ci da shan iyalinsa, Dokar Sojoji ta ba da dama a yanka daga albashinsa a ba su, musamman in akwai umarnin kotu. Shi kuma in an zalunce shi a wurin aiki, ko alawus ɗinsa ya maƙale, hanyarsa ita ce ƙorafi a rubuce zuwa ga kwamandansa, in bai gamsu ba ya hau sama mataki-mataki. Ba Facebook ba, ba TikTok ba, wannan kora yake jawowa. In kuwa abu ya kai kotun soja, yana da damar ɗaukar lauyan da yake so, hukuncin sai hukuma ta sama ta tabbatar da shi, kuma ana ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara har Kotun Ƙoli. Ka tuna sojojin da aka yanke wa hukuncin kisa a 2014 kan bore, a Disambar 2015 aka mayar wa 66 daga cikinsu zuwa ɗaurin shekara 10, bayan lauyoyi sun yi ta bin kadin maganar.

Idan kuɗin lauya ya gagare ka kan gonar, Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ta tarayya na da ofis a Kano da Dutse, ka je ka gwada. Sai dai a irin shari'ar iyaka, dattijo ɗaya da ya ga ranar da aka dasa gamba ya fi maka lauya biyu.

In wasiƙar kwamandan ta iso, ka yi kwafi uku, ɗaya kotu, ɗaya wurin dagaci, ɗaya a akwatin mahaifiyarku. A wayar da za ku yi kuma ka sa shi ya gaya maka sunan da ke kan NOK ɗinsa. In naka ne, kai da bakinka ka ce ya je ya shigar da matarsa da yaransa. Ranar Alhamis ina kasuwar Maigatari zan kai tumaki, in ka shigo ka zo da sammacin in duba maka ranar zaman da abin da mai ƙarar ya rubuta.