Wane kare ya dace da gadin gida a Katsina?

Malam, ka ce kana da gida mai faɗin haraba a bayan gari, kana tunanin sayen German Shepherd ko Rottweiler. Kafin ka biya kuɗi, ka tuna zafin Katsina. A watan Afrilu yakan haura digiri 40, su kuwa waɗannan karnukan asalinsu Jamus ne. Shepherd mai yawan gashi ne, idan babu inuwa da ruwa kullum za ka gan shi kwance yana haki maimakon gadi. Ga kaska da ke ɓuya cikin gashin. Boerboel na Afirka ta Kudu ya fi su jure zafi, amma ciyar da shi sai mai hali, kuma idan bai samu horo tun yana ƙarami ba, haɗari ne ga yaran gida da almajiran da ke sallama a ƙofa.

Ni dai karenmu na gida nake ba ka shawara, irin na mafarauta. Yana da kunne, ba ya yawan ciwo, tuwo da ƙashi sun ishe shi. Abin da ɓarawo ke tsoro haushi ne, domin shi ke tayar da unguwa.

Ka ɗauko kwikwiyo ɗan wata biyu domin ya saba da iyalinka. Idan ya kai wata uku ka kai shi asibitin dabbobi a yi masa rigakafin ciwon haukan kare, sannan a maimaita duk shekara. Don Allah kada ka yi sakaci da wannan, cutar tana kashe mutum.

Ka ware masa kwanonsa da makwancinsa nesa da wurin salla, kuma kada ya yini ɗaure cikin rana.