Amsa a kan fim ɗin nuwar

Salamu alaikum. Ƙanwata, na saurari tambayarki, wai ko duk fim mai baƙi-da-fari da ɗan leƙen asiri mai malafa shi ne nuwar, wato nau'in fim ɗin da ake kira film noir, "baƙin fim" da Faransanci. A'a, sam. Ma'auni kike nema, to ga shi: ki duba wane ne jarumin, sannan in gaskiya ta fito, al'amura sun gyaru ko kuwa?

A labarin bincike da aka saba, an yi kisa, mai bincike ya bi sawu, ya damƙe mai laifi, kowa ya koma barci. A nuwar kuwa jarumin ne ke da hannu dumu-dumu, ko shi abin ya rutsa da shi. Ɗauki Double Indemnity na 1944, na darakta Billy Wilder. Dillalin inshora ne ya haɗa baki da matar wani suka kashe mijin, suka shirya abin kamar daga jirgin ƙasa ya faɗo, don kuɗin inshorar mijin ya ninka, dala dubu 50 ta koma dubu 100. To tun farkon fim ɗin ga shi a ofis da dare, an harbe shi a kafaɗa, yana tona asirin kansa a na'urar ɗaukar murya. Kin ga ba "wa ya yi?" ke riƙe ki ba, kin riga kin sani. Nutsewarsa kike kallo. Wanda ke bin diddigin maganar ma abokin aikinsa ne da ke ƙaunarsa, shi ya sa ya kasa zarginsa.

Inuwa, fitila ɗaya daga gefe, jiƙaƙƙen titi, wannan salo ne da daraktoci irin su Fritz Lang suka zo da shi Amurka daga Jamus. Su kansu ba su kira shi nuwar ba, masu sharhi a Faransa ne suka raɗa sunan a 1946.

Abin da ke ba ni haushi, mutum ya cika fim da hayaƙin sigari da mace mayaudariya, a ƙarshe jarumi ya tsira har a ɗaura masa aure, wai nuwar. Ina! Chinatown na 1974 mai launi ne, rana ƙwal, amma attajirin da ya yi ta'asar shi ya yi nasara, mai binciken kuma bincikensa ne ya jawo mutuwar matar da yake son ceto. Ki fara da shi.